Manomin da Ya Mai da Firiza Rumbu

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka taɓa wayar gari da yunwa, ga hatsi a ɗaki, ga itace, ga ashana, amma ka rasa ƙarfin da za ka tashi ka ɗora tukunya? Ba lalaci nake nufi ba. Ina maganar ranar da jiki ya yi nauyi, zuciya kuma ta fi jikin nauyi, har wanke albasa guda ya zama kamar hawan dutse. In ka taɓa ganin irin wannan rana, to, misalin yau naka ne. In ba ka taɓa ba, ka kasa kunne da kyau, gama ba wanda take tsallakewa har abada.

An yi wani manomi a ƙasar duwatsu, inda ɗari yake sauka da ƙarfi har ruwan randa ya gagari hannu da safe. Yana noman acca da dankali, yana kuma da ɗan lambu a bakin rafi inda yake shuka tumatir, kabewa da alayyahu. Mutum ne ƙaƙƙarfa. Buhun dankali shi kaɗai yakan ɗaga ya aza a amalanke, ba ya kiran kowa. Matarsa ta rasu a watan sanyi, shekara biyu da suka wuce. 'Ya ɗaya gare su, tana aikin jinya a wani birni mai nisa.

Tun daga rasuwar, da zarar sanyi ya shigo, abu biyu sukan kama shi tare. Ƙirjinsa ya toshe, ya yi ta tari. Zuciyarsa kuma ta yi duhu. Yakan zo bakin ɗakin girki, ya ga muciyar matarsa a rataye inda ta bar ta, sai ya juya ya koma ya kwanta. A sanyin bara, garin rogo da ruwa ya yi ta sha har mako shida, sai da ya faɗi a tsakar gida, maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti.

Da aka sallame shi, 'yarsa ta zaunar da shi ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. In sanyin baɗi ya sake mai da kai haka, zan zo da mota in ɗauke ka, ka zauna wurina. Gonar a ba wani ya noma."

Ya ce, "In bar gonar ubana, in je in zauna a bene ina kallon motoci? Kabarin uwarki fa, wa zai riƙa sharewa?"

Ta ce, "To ka ci abinci, Baba. Iyakar roƙona ke nan."

Kafin damina ta ɗauke, ta aiko masa da firiza mai aiki da hasken rana, aka kafa mata faranti biyu a kan rufin kwano. Ta zo da kanta ta nuna masa yadda ake yi. Ta ce, "Lokacin da kake da ƙarfi, ka dafa miya da yawa ka sa a nan. Za ta daskare, ba za ta lalace ba. Ranar da ba ka da ƙarfi, sai ka ɗumama kawai." Ta bar masa ƙananan robobi masu murfi guda ashirin, kowacce ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Da ta tafi, manomin ya juya robobin nan yana dariya. Ya ce a ransa, "Waɗannan ai na wasan yara ne. Wane manomi ne yake zuba amfanin gonarsa a kwalba?" Sai ya zuba irin tumatir a wasu, irin kabeji a wasu, ƙusoshi a sauran, ya jera su a kan taga.

Ana nan, kaka ta yi. Rumbu ya cika, lambu ya yi kyau, jikinsa kuma garau. Ya tuna da maganar mota, ya ce, "Bana ba mai ɗauka ta ko'ina." Ya je ya aro babbar tukunyar zumuntar mata, wadda ake dafa abincin Kirsimeti da ita. Ya yanka ɗan bunsuru. Ya fere kabewa uku, ya daka gyaɗa, ya yanka alayyahu da yakuwa, ya sa daddawa da attarugu kamar yadda ya sha ganin matarsa tana yi. Tun hantsi yake kan murhu har rana ta karkata. Miyar taushe kuwa ta yi daɗi, ƙanshinta ya tsallaka katanga, har maƙwabcinsa ya leƙo yana tambaya ko an yi sabuwar amarya ne ba a gaya masa ba.

Da miyar ta huce, ya ɗauko wani babban bokiti mai murfi, ya wanke shi tas, ya juye miyar duka a ciki. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya sa a firiza, ya rufe. Ya ce, "Ga rumbun miya. Kullum in buɗe in ɗebi abin da nake so, in rufe, kamar yadda nake yi da acca."

Sai sanyi ya zo.

Mako na farko ya daure. A mako na biyu, wata safiya ya tashi da ƙirji a toshe, ƙafafu kamar ba nasa ba. Ya lallaɓa ya je ya buɗe firiza, ya sa ludayi zai ɗiba. Ludayin ya yi ƙara kamar ya bugi falalen dutse. Miyar ta zama dunƙulen ƙanƙara guda, tun daga baki har gindi. Ya gwada cokali, cokalin ya lanƙwashe. Ya gwada wuƙa, bakin wuƙar ya karye. Ya tsaya yana haki, ya dubi fartanya a jingine, ya ga ko ɗaga ta ba zai iya ba.

Sai ya kama bokitin da hannu biyu. Bokitin da ya sa da hannu ɗaya ran nan, yau sai da ya huta sau uku kafin ya fito da shi. Ya ja shi zuwa rana, ya zauna yana jira. Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, sai can da la'asar gefen ya narke, ya sami ludayi biyu na ruwan miya, ba nama. Ya ci da ɗan dankali. Da ya zo mayarwa, ƙarfin ya ƙare. Bokitin ya kwana a waje, sai washegari ya mayar.

Haka ya yi ta yi. Ya fitar, ta narke, ya ɗiba, ya mayar, ta daskare. Ya sāke fitarwa, ta sāke narkewa. A karo na huɗu, da ya buɗe murfin, sai ga kumfa a sama, wari ya bugi hancinsa. Ya ɗanɗana, ta yi tsami. Ya kai bayan gida ya zubar. Karensa ya zo ya shinshina, ya juya ya yi tafiyarsa.

Manomin ya zauna a bakin ƙofa ya daɗe. Bunsuru guda, kabewa uku, aikin yini guda. Ya ce a ransa, "Ashe ko kula da kaina ma ban iya ba." Ya tashi ya ɗauko garin rogo.

Da yamma 'yarsa ta kira shi a waya. Ta ce, "Baba, kana ci kuwa?"

Ya ce, "Ina ci mana. Yanzun nan ma na wanke hannu."

Ta ce, "Miyar fa, ta yi daɗi?"

Ya ce, "Ta yi." Ya kashe wayar, ya ji kunya ta rufe shi. Lahadi ta zo, bai je sujada ba. Wata Lahadin ta zo, bai je ba.

Yana kuwa da yaya mace, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana zaune a ƙetaren rafi. Ita ta goya shi yana jariri, har yau kuma Auta take ce masa, ko da yake furfura ta cika masa kai. Da ta ga bencinsa a majami'a babu kowa Lahadi biyu, ta ɗauki sandarta ran Litinin ta ƙetaro.

Ta same shi a lulluɓe da bargo a bakin ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Auta, wa ya sace maka kumatu?"

Ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ɗan mura ne."

Ta ce, "Mura ce ta lanƙwashe cokalin nan? Ko ƙarfe kake ci yanzu?" Ta wuce shi ta buɗe firiza, ba kome a ciki sai sanyi. Ta zagaya bayan gida, ta ga bokiti a kife, ta ga inda aka zubar da miya. Ta dawo ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta ce, "To, faɗa mini. Kada ka rage kome, na san ƙaryarka tun kana rarrafe."

Ya gaya mata duka. Da ya kai kan maganar wuƙa, ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi dariyarki, Yaya. Na yi iyakar ƙoƙarina. Ki kira ta kawai, ta zo da motar."

Tsohuwar ta daina dariya. Ta ce, "Ba wanda zan kira. Amsa mini abu ɗaya. Miyar nan, wa ka dafa wa?"

Ya ce, "Kaina mana."

Ta ce, "A'a. Ka dafa wa mai ɗaga buhun dankali. Shi kuwa ba ya nan, ya tafi da kaka. Wanda ya zo ci, buta ma da ƙyar yake ɗauka. Ka taɓa ganin an kai wa majinyaci tukunyar biki a gado an ce ya ɗebi rabonsa? A ɗan kwano ake kai masa, daidai cikinsa. Kai da ka yi jinyar matarka wata huɗu, ni zan koya maka wannan?"



Ta ce, "Acca kan yarda a ɗiba a rufe. Miya ba ta yarda. Me ya rage a gidan nan?"

Ya ce, "Kabewa guda. Gyaɗa kaɗan. Busasshen kifi biyu."

Ta ce, "Ya isa. Ina robobin da yarinyar nan ta kawo?"

Ya nuna taga. Ta duba ta ga ƙusoshi. Ta ce, "Ikon Allah! Ƙusa tana cikin ɗaki mai murfi, mai gida yana shan gari. Juye su a takarda."

Ba ta bar shi ya kwanta ba. Ta miƙa masa gyaɗa a faifai ta ce ya ɓare a zaune, ita kuma ta hura wuta. Ta shiga ɗakin girki ta sauko da muciyar nan daga inda take rataye, ta wanke ta. Suka dafa 'yar tukunya. Da ta huce, suka raba ta a robobi tara, kowacce daidai ci ɗaya.

Ta ce, "Guda ɗaya za ka fitar. Ka sa a ƙaramar tukunya a kan risho, ka wanke acca gwangwani guda, kafin ka gama addu'ar safe an gama. Abin da ka fitar, ka cinye, ba ya komawa. Kuma ka ji ni da kyau, Auta. Ko a tsakiyar ɗari akwai ranar da za ka tashi da ɗan ƙarfi. Ran nan kada ka ruga gona don mutane su ce ka warke. Ka ɗora ƙaramar tukunya, ka cika robobin da suka zama fanko. Ni gwiwata ba za ta ƙetare rafin nan kullum ba."

Ta ɗauki sandarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Yarinyar nan kuma, ka gaya mata gaskiya da bakinka. In ka ƙi, ni zan gaya mata, kuma zan ƙara gishiri."

Washegari ya tashi da nauyin nan kamar kullum. Ya lallaɓa, ya buɗe firiza, ya ɗauki roba guda da yatsu uku. Ya ɗumama, ya ci, ya ƙoshi. Rana ta biyu ma haka. A rana ta shida ya ji ƙirjin ya ɗan saki, sai ya tsinko yakuwa a lambu, ya dafa 'yar tukunya da kansa, ya cika robobi biyar. Akwai ranar da bai iya kome ba sai ɗumamawa da komawa gado. Akwai ma ranar da ya ci yana hawaye. Amma ya ci. Ya kira 'yarsa ya gaya mata labarin bokiti. Ya zaci za ta ce ya haɗa kayansa. Sai ta ce, "Na gode da ka faɗa mini, Baba. Yau me ka ci?" Ya faɗa mata, wannan karon gaskiya ne.

Da sanyi ya fara ja da baya, ta zo gida. Ta same shi a lambu yana gyara kwalbatin ban ruwa. Ta kama damtsensa ta matsa, irin ta masu jinya, ta ja fatar idonsa ta duba. Ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ce, "Baba, yunwa nake ji." Ya wuce gaba, ya buɗe firiza, ya fito da robobi biyu. Ta kwana uku, ta koma birni ita kaɗai.

To, 'yan'uwa, bari mu buɗe misalin nan mu ga abin da Ubangiji ya sa mana a ciki.

Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Lokacin sanyi kuwa shi ne kwanakin wahala da ke zuwa wa kowane mai bi. Ku lura da wani abu: mutumin nan ya san watan da ciwonsa yake zuwa. Mu ma sau da dama mun sani. Wata ta san duk shekara in watan da ta rasa ɗanta ya kama, ba ta iya kome. Wani ya san bayan girbi, in aiki ya ƙare gida ya yi shiru, tunani yake kama shi. Mu da muka gama makaranta kwanan nan mun san namu: ka dawo gida da takarda a hannu, wata ya bi wata ba a kira ka aiki ba, tun kana fita da safe har ka daina buɗe labule. Wanda ya san sanyinsa yana tafe, ya kuma shirya masa, bai yi rashin bangaskiya ba. Allahn da ya ba da kaka, ya ba da ita ne domin ya san rani na zuwa.

Saboda haka manomin bai yi laifi ba da ya dafa miya. Ya yi daidai ƙwarai! Na faɗi wannan da ƙarfi domin akwai masu ɗauka cewa kula da kai son kai ne. Za ka ga mace ta dafa wa gidan makoki, ta dafa wa masu haihuwa, ta dafa wa baƙin fasto, ta dawo gida ta kwana da shayi. In ka yi magana ta ce, "Ni ai ba kome." Mama, da kome. Jikin nan amana ce a hannunki. Wanda ya umarce mu mu ƙaunaci maƙwabci, da irin ƙaunar da muke yi wa kanmu ya auna ta. In mudun ya fashe, da me za ki auna wa wani?

Kuskurensa yana wajen bokiti. Bokitin nan shi ne manyan alkawaran da muke ɗauka ranar da muke da ƙarfi. An dawo daga babban taro, zuciya tana ci kamar wutar kara, sai ka ji mutum ya ce, "Daga yau sa'a biyu zan riƙa yi a addu'a, zan karance Maganar Allah duka kafin Ista, zan yi azumi kowane mako." Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma abin da ke cikin bokitin mai kyau ne. Amma ranar da duhu ya sauko, sai ya tarar da shi dunƙule guda. Ba ya iya sa'a biyu, don haka ba ya yin ko minti biyu. Ya gwada, ya kasa, ya sāke gwadawa, ya sāke kasawa, har abin da ya shirya don ya rayar da shi ya yi tsami ya koma zargi: "Kai wane irin mai bi ne?" Daga nan sai kunya. Daga kunya sai "lafiya lau" a waya. Daga nan sai benci ba kowa.

Ƙananan robobin kuwa su ne alherin Allah daidai yini guda. Mun saba roƙonsa abincin yau tun muna yara, ba mu taɓa roƙon na shekara a dunƙule ba, kuma ina ganin da gangan aka koya mana haka. Ga irin robobin: aya guda da ka rubuta a takarda ka manna a bango inda idonka zai faɗa in ka farka. Baiti ɗaya na waƙar da ka iya da ka. Addu'a mai kalma uku, "Ubangiji, riƙe ni." Sunan mutum ɗaya da kuka yi magana tun da wuri, ka ce masa, "In ka ji ni shiru kwana uku, ka zo, kada ka jira in kira." Ba abin da za a yi shaida da shi a gaban ikkilisiya a tafa. Amma marar ƙarfi yana iya ɗaukarsa da yatsu uku, kuma shi ne zai kai shi gobe.

Kada kuma mu mai da miyar ta zama misali kawai, mu manta da ta tukunya. Ina nufin miya ta gaske, mai kabewa da gyaɗa! Mutum da yunwa a cikinsa, addu'a ma wuya take yi masa. Mai firiza, ka dafa ranar da kake da sukuni, ka bari ta huce, ka raba daidai ci ɗaya ɗaya, ka bar ɗan fili a saman roba domin takan kumbura in ta daskare, abin da ya narke kuma kada ka mayar. Wani zai ce, "Malam, mu da ko wuta ba mu gani, ina mu ina firiza?" Gaskiya ne. Amma kakanninmu sun riga firiza sanin wannan hikima. Busasshiyar kuɓewa, garin kuka, yakuwa da tumatir da aka shanya, dakakkiyar gyaɗa, a ƙulla su ƙulli ƙulli, kowane ƙulli tukunya guda. Ranar wuya sai ruwan zafi kawai. Kuma ina ta tunani, gidaje nawa ne a ikkilisiyar nan suke da firiza rabinta fanko? Me zai hana a ba gwauruwar da ke maƙwabtaka kusurwa guda, a rubuta sunanta a murfi? Matasa ma muna iya haɗuwa wata Asabar, masu fere kabewa su fere, masu daka su daka. Amma kai, kada in cika muku bokiti ni ma.

Saura tsohuwa mai sanda. Ita ce ikkilisiya yadda ya kamata ta zama. Ta lura da bencin da ba kowa. Ba ta aika a tambaya ba, ta ƙetare rafi da gwiwarta mai ciwo. Ta yi masa dariya irin ta 'yan'uwa, ba ta yi masa wa'azi a kan rashin zuwa sujada ba. Ba ta kuma ɗauke masa aikin duka ba, ta sa gyaɗa a hannunsa, domin ta san ranar da ba ta nan, hannun nan ne zai ciyar da shi. Haka Ubangijinmu Yesu yake yi da mu. Yana zuwa har inda muka kwanta da kunyarmu, ya tambayi abin da ya rage a gidan, kabewa guda ce ko kifi busasshe, ya ce ya isa a fara.

Wataƙila kana jin wannan kana tsakiyar sanyinka, bokitinka ya riga ya yi tsami, ka zubar, kana ganin ka makara. Ba ka makara ba. Manomin nan a tsakiyar ɗari ya sāke farawa, da abin da bai kai rabin rabin na farko ba, kuma shi ne ya fisshe shi.

Ga roƙona gare ku, kuma ƙarami ne da gangan. A cikin makon nan, ranar da ka ji kana da ɗan ƙarfi, ka ɗora tukunya guda, ka raba ta kashi kashi, ka ajiye wa kanka kamar yadda za ka ajiye wa majinyacin da kake ƙauna. Ka ware kashi ɗaya. Sa'an nan ka tuna wanda yake zama kusa da kai a sujada, wanda ka kwana biyu ba ka gani ba. Kada ka kira shi a waya, zai ce maka lafiya lau. Ɗauki robar, ka je ka ƙwanƙwasa ƙofarsa.